Me ya sa ba a jin "del" da "dei" a bakin mutanen Sisiliya?

Baban Hafsa, Palermo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harshe da ke wannan zaure. Ina shirin jarrabawar harshen Italiyanci ta matakin B1, wadda tun ƙarshen 2018 ake nema kafin a ba mutum takardar zama ɗan ƙasa a Italiya. Littafinmu ya ce in ka sayi burodi ba ka faɗi yawansa ba, sai ka ce *ho comprato del pane*, in tumatir ne *dei pomodori*, in albasa ce *delle cipolle*. To ni a kasuwar Ballarò ta nan Palermo, babban birnin tsibirin Sisiliya, nake aiki, kuma wannan *del* da *dei* ba na jin su a bakin mutane. Da Sisiliyanci mutum zai ce *accattai pani*, ko *accattai u pani*. In ya juya Italiyanci ya ce *ho comprato pane* ko *il pane*. Shin su ne ke gutsure harshen, ko littafin ne ya zo da abin da ba a faɗa?

Maman Iman, Modena:
Wa alaikumus salam. Baban Hafsa, riƙe littafinka. A nan Emiliya *del* da *dei* ba sa barin bakin mutane, daga mai shago har malamar makarantar yara. *Vuoi dell'acqua? Prendo delle mele.* Haka ake magana. Mutanen kudu yarensu ne ke shiga musu cikin Italiyanci. Kai da za ka zauna gaban mai jarrabawa kada ka ɗauki maganar kasuwa ka kai can.

Malam Habu, Kano:
Ni Italiyanci ba fannina ba ne, nahawun Larabci nake koyarwa, amma abin da kuke magana a kai babin nakira da ma'arifa ne. Ma'arifa sunan da mai magana da mai sauraro duk sun san wanda ake nufi, nakira kuwa wanda ba a ayyana ba. A Larabci ma'arifa ce ke ɗaukar alif da lam, nakira ba a sa mata komai a gaba, sai tanwini a ƙarshe. To ku tuna Musulmi sun sauka garin Mazara na Sisiliya a 827, sun ci Palermo a 831, kuma sai a 1091 Normawa suka karɓe Noto, gari na ƙarshe da ya rage. Fiye da shekara ɗari biyu da hamsin ke nan. Ina ganin barin suna tsura, wato ba harafi a gabansa, da Sisiliyawa ke yi gadon Larabci ne.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Allah ya gafarta Malam, kalmomin nakira da ma'arifa sun sauƙaƙa mana magana, da su zan ci gaba. Amma batun gadon Larabci ban yarda da shi ba. Larabci ya bar kalmomi a Sisiliyanci, babu musu: *gebbia*, tafkin ban ruwa, daga *jabiya*, *zibbibbu* daga *zabib*, *giuggiulena*, wato riɗi, daga *juljulan*. Sai dai suna tsura ya girmi zuwan Larabawa. Latin, uwar waɗannan harsuna duka, ba ta da harafin ma'arifa ko na nakira ko ɗaya. Mutumin Roma na dā in zai ce yana cin burodi sunan kawai yake faɗa. Daga baya 'ya'yanta suka ƙirƙiro harafin ma'arifa, yawancinsu daga *ille*, wato "wancan", suka mai da *unus*, wato "ɗaya", harafin nakira na tilo. Abin da ya rage shi ne jam'i da abin da ba a ƙirgawa, irin ruwa, gari, nama. Nan ne aka rabu. Sifaniyanci da Fotugisanci da Romaniyanci suka bar sunan yadda yake: *compro pan*, *bebo agua*. Faransanci ya haɗa *de* da harafin ma'arifa ya tilasta shi: *du pain*, *de l'eau*, *des tomates*. Italiya ta faɗo tsakiya.

Saboda haka, Yaya Baban Hafsa, mutanen Ballarò ba su gutsure komai ba. *Del* ne baƙo, shi ya zo daga baya.

Malam Habu, Kano:
Madalla 'yata. Amma Sifaniya da Fotugal da kika kawo ai su ma Andalus ce. Hujjarki ta dawo wajena.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Malam, to Romaniya fa? Da Sardiniya, da ƙauyukan arewacin Veneto da ke gindin duwatsun Alps? Larabawa ba su yi irin wannan mulki a can ba, kuma suna barin suna tsura. Sannan Sisiliyanci yana da *un* da *na*, kamar *un cani*, kare, *na fimmina*, mace, abin da Larabci ba shi da shi. Da nahawun Larabci ne ya shiga, nan ya kamata mu fara ganin giɓi. In ana neman Larabcin Sisiliya da ya rayu, Malta za a je. Harshen Malta daga shi ya fito, kuma har yau nakira a can ba ta da harafi.

Ɗan Damagaram, Turin:
Ku dakata. Na yi aikin tsinkar zaitun a Campobello di Mazara kafin in hauro arewa, kuma da kunnena na ji suna cewa *mànciati du alivi*, ci zaitun. Mu da muka yi lakwal a Nijar mun san *du*. Shi ne na *du pain*, *du riz*. Normawan da Malam ya ambata ai daga Faransa suka zo. Ke nan Sisiliyanci na da shi, furucin ne ya bambanta da *del*.

Ɗan Zango, Vittoria:
A'a ɗan'uwa, wannan *du* ɗin biyu ne, *dui*. Gwada ka ce *du acqua* ka gani, ba wanda zai faɗa. Sai da abin da ake ƙirgawa yake tafiya. Ko taliya sai sun ce *du fila di pasta*, sili biyu, alhali faranti cike za a kawo maka. Ni da na fara ji sai ya tuna mini "kwana biyu" namu. In ka ce wa mutum kwana biyu ba a gan ka ba, ai wata uku ma yana iya zama.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Ɗan Zango ya bugi gaskiya. Wannan "biyu" da ba biyu ba yana ko'ina a Italiya: *facciamo due spaghetti*, *fare due passi*, a ɗan taka ƙafa. Har huɗu suna yi da ita, *quattro chiacchiere*, 'yar hira. Abin da zai ƙara ruɗa kunnen mai Faransanci shi ne akwai wani *dû* a Sisiliyanci, haɗin *di* da *lu*, amma na mallaka ne: *a casa dû patruni*, gidan maigida. Ba ya nufin "wani abu daga".

Ɗan Damagaram, Turin:
To na ji na zaitun. Amma a nan Piyemonte tsofaffi in suna yarensu *de* kaɗai suke sawa gaban suna, babu harafin ma'arifa. Mu a Faransanci sai an kore magana ake haka, *je n'ai pas de pain*. Su kuwa ko ba korewa. Wannan kuma na ina ne?

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Wannan ne ya kawo mu ga taswira. Akwai babban kundin taswirar karin harsunan Italiya da kudancin Suwizalan da ake kira AIS, na Karl Jaberg da Jakob Jud, mujalladi 8, ya fito tsakanin 1928 da 1940. Mutane suka bi ƙauye ƙauye suna yi wa mazauna tambayoyi iri ɗaya suna rubuta amsa yadda ta fito daga baki. Wanda ya bi kudu har Sisiliya shi ne Gerhard Rohlfs, Bajamushe. A 2018 malamai biyu na jami'ar Ca' Foscari ta nan Venis, Anna Cardinaletti da Giuliana Giusti, suka ɗauki taswira uku daga ciki: ta zuwa neman furanni, ta "in da akwai ruwa", da ta ɗebo giya a ɗakin ajiya. Duka ukun nakira ce, ba wani sanannen ruwa ko sanannun furanni ake nufi ba. Suka ga hanya huɗu ake bi.

Suna tsura ya fi ƙarfi a gefe da gefe, can ƙuryar arewa da can ƙuryar kudu, Sisiliya da kudancin Kalabriya da Salento, da kuma Sardiniya. Harafin ma'arifa mai ma'anar nakira, irin *u pani* da Baban Hafsa ya ji, ya mamaye tsakiya da yawancin kudu. *Di* shi kaɗai yana arewa maso yamma, kusa da iyakar Faransa, inda Ɗan Damagaram yake. *Di* haɗe da harafin ma'arifa kuwa cibiyarsa Emiliya-Romanya, yankin su Maman Iman. Kowannenku gaskiya ya faɗa game da inda yake zaune.

Wani masani, Matteo Bartoli, ya daɗe da lura cewa sabon abu a harshe daga tsakiya yake tasowa ya bazu, gefuna su riƙe tsohon. Wannan taswira ta yi daidai da maganarsa.

Maman Iman, Modena:
Hauwa ƙanwata, wannan taswira ta kusa shekara ɗari, kuma mutanen ƙauye aka tambaya da yarensu. Mu Italiyancin yau muke magana, na talabijin da makaranta. Yara yanzu a Palermo ai da Italiyanci suke tashi.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Gaskiya ne Yaya, shi ya sa waɗannan malaman suka sake bincike a kan Italiyancin yau da kullum, ya fito a 2020. Abin da ya bayyana shi ne suna tsura da harafin ma'arifa ana karɓarsu a duk faɗin ƙasar, *di* shi kaɗai bai shiga Italiyanci ba, *del* kuwa yana nan amma ya fi su ƙuntata. Kuma ki tuna yadda Italiyanci ya shiga bakin mutane. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa lokacin haɗe ƙasar a 1861 kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ke iya magana da shi. Sauran duk da yarensu suka tashi, suka koyi Italiyanci a kansa. Shi ya sa kowane yanki ke da nasa Italiyancin. In Basisiliye yana da zaɓi uku a Italiyanci, biyu suna cikin yaren kakarsa, ɗaya babu, wanne kike ganin zai fi zuwa bakinsa? Haka Ba'emiliye, shi ma na kakarsa yake ɗauka. Yawan *del* da kike ji a Modena shi ma yare ne ya shiga Italiyanci, daidai da ƙarancinsa a Palermo.

Har ma akwai lokacin da masu tsattsauran ra'ayin tsarkake Italiyanci ke ƙyamar *del* ɗin nan, suna cewa aron Faransanci ne, musamman bayan harafi, irin *con degli amici*.

Baban Hafsa, Palermo:
Wannan magana ta yi mini daɗi, don abin yana ci mini rai yadda ake ɗaukar maganar mutanen nan kamar ɓataccen Italiyanci. Dokar ƙasa ta 1999 da ta amince da ƙananan harsuna 12 ba ta sa Sisiliyanci ba, sai a 2011 majalisar yankin ta yi tata dokar ta koyar da shi a makarantu. Alhali a fadar sarki Federico na biyu, a ƙarni na 13, da shi aka yi waƙa tun kafin Italiyancin Firenze ya yi suna. Amma Hauwa, in babu *del*, da me suke nuna ɗan kaɗan? Don malamarmu ta ce *del pane* yana ɗauke da ma'anar ɗan burodi.

Ɗan Zango, Vittoria:
Wannan ni zan amsa, don kullum ina ji a rumfunan tumatir. In abu kaɗan ne su ce *tanticchia*: *tanticchia d'acqua*, ɗan ruwa, *tanticchia di sali*, ɗan gishiri. Akwai *un pocu di*. Sai kuma *na pocu di*, wanda ke tafiya da jam'i, kuma ba kaɗan yake nufi ba: *na pocu di cristiani*, mutane da dama. *Cristianu* a wurinsu mutum ne kawai, ko ni suna iya kira na haka. Harafi ɗaya ne tsakanin *un pocu* da *na pocu*, amma in maigida ya ce a ɗauko *na pocu di casci* ka kawo akwati biyu, za ka koma.

Malam Habu, Kano:
To ai Hausa ma haka take. Ba mu da harafin nakira na dole. Na sayi littafi, na sha ruwa, suna tsura. In kaɗan ne mu ce ɗan ruwa, 'yan kwanaki. In kuwa akwai takamaiman abu a zuciyata da ban bayyana maka ba, sai in kawo mafayyaci: na sayi wani littafi, wasu mutane sun zo. "Ina neman likita" daban, "ina neman wani likita" daban. Na farko kowane likita ya samu, na biyu mutum ɗaya ne na sani. Su suna da wannan bambanci?

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Suna da shi Malam, ta hanya fiye da ɗaya. Mafi kusa da "wasu" shi ne *certi*: *certi cristiani*, wasu mutane, *certi voti*, wani lokaci. Har mamakin da muke yi da shi suna yi. *Vitti certi pisci!* daidai yake da "na ga wasu irin kifaye!"

A tilo kuwa *un* yana ɗaukar ma'ana biyun, sai mahalli ya raba. Amma akwai wani abu da Sisiliyanci ke yi wanda daidaitaccen Italiyanci ba ya yi: yana sa *a* gaban karɓau in mutum ne sananne. *Vitti a Turi*, na ga Turi. *Cercu a me frati*, ina neman ɗan'uwana. In kowane likita ne, *cercu un dutturi*, babu *a*. Wannan ya bi su har cikin Italiyancinsu, za ka ji *ho visto a Maria*, *chiama a tuo padre*. Shi kam malaman makaranta suna jan layi a ƙarƙashinsa, don daidaitaccen harshe *ho visto Maria* yake so. Abin sha'awa, "kowa" na korewa ma yana karɓar *a* ɗin: *nun vitti a nuddu*, ban ga kowa ba.

Maman Iman, Modena:
Yawwa, kin ga inda nake tsoro. Mutum ya saba da *ho visto a Maria* a kasuwa ya je ya rubuta.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
A wannan ina tare da ke, Yaya. Amma a raba abu biyu. *Ho visto a Maria* na yanki ne. *Ho comprato pane* daidaitaccen Italiyanci ne a ko'ina. Kuma akwai wuraren da *del* ne ma zai ɓata magana. Duk Musulmin da ke ƙasar nan ya san jimlar *non mangio carne di maiale*, ba na cin naman alade. Ana iya cewa *la carne di maiale*. Amma *non mangio della carne* ba ya zama a kunne, don al'ada kake faɗa, ba wani ɗan yanki na nama ba. Haka *cerco lavoro*, ina neman aiki, *cerco casa*, ina neman gida, da Sisiliyanci *cercu travagghiu*.

A jam'i ma korewa na iya juya ma'ana. *Non ho invitato ragazzi*, ban gayyaci samari ba, ko ɗaya. *Non ho invitato dei ragazzi* yana iya nufin akwai wasu samari da ban gayyata ba, sauran na gayyace su. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba, bambancin "ban gayyaci samari ba" ne da "ban gayyaci wasu samari ba".

Ramin da mu Hausawa muke faɗawa a wani gefen yake. Mun saba da suna tsura har muna barinsa inda ba a bari. "Ina son kifi" dole *mi piace il pesce*. "Ruwa ya yi tsada" dole *l'acqua è cara*. In ana maganar jinsin abu gaba ɗaya harafin ma'arifa wajibi ne, a Milan da Palermo duka. Sannan suna tsura ba ya zama a farkon jimla a matsayin mai aikatawa. Ba a cewa *ragazzi sono arrivati* don "samari sun zo". Sai *sono arrivati dei ragazzi* ko *alcuni ragazzi*. Basisiliye zai ce *vìnniru na pocu di picciotti*. A irin wannan wuri *dei* yana da aikin yi sosai.

Ɗan Damagaram, Turin:
Ƙara musu da *qualche*. Ma'anarsa jam'i, jikinsa tilo. *Qualche giorno*, 'yan kwanaki, ba *qualche giorni* ba. Mu masu Faransanci ya fi kama mu saboda *quelques jours*.

Ɗan Zango, Vittoria:
A nan *quarchi* ko *cocchi* suke cewa, shi ma da tilo, *cocchi cosa*. Amma Hauwa ga wata. Wajen aiki na lura in mutum ya ce *ho raccolto olive per tre ore* daban ne da *ho raccolto le olive in tre ore*. Na farko ya yi awa uku yana tsinka, na biyu ya gama da su.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Kunnenka ya kama abin da masu bincike ke gwadawa da gangan. Suna tsura ba shi da iyaka, don haka yana tafiya da *per*, aikin da ake ta yi. Ba ya tafiya da *in*, aikin da ya kai ƙarshe. Mu a jikin aikatau muke sa wannan: na sha ruwa, na shanye ruwan, na tsinki zaitun, na tsinke shi. Su a gaban suna suke sawa.

Malam Habu, Kano:
Saura "kowa" da "ko'ina" da "komai" na zaɓi, irin kowa ya zo, duk inda ka je. A Larabci *man* da *ma* da *aina* na sharaɗi ke wannan aiki.

Baban Hafsa, Palermo:
Allah ya gafarta Malam, wannan kullum sai na ji shi. Maimaita aikatau suke yi. *Cu veni veni*, kowa ya zo. *Unni vai vai*, duk inda ka je. *Zoccu fai fai*, komai ka yi. Kuma haka suke ɗauke shi zuwa Italiyanci, *dove vai vai*, *chi viene viene*. Littafinmu *chiunque venga* da *dovunque tu vada* ya koyar, masu tafiya da *congiuntivo*, sigar aikatau ta abin da bai tabbata ba, wanda shi ne ke ba mu wuya a aji.

Maman Iman, Modena:
*Chi viene viene* ko a nan ana ji jefi-jefi, ba na kudu kaɗai ba ne. Amma a rubutu *chiunque* za ka sa. Ni har yanzu ina kan bakata cewa mai shirin jarrabawa ya koyi *del* da *dei* ya iya su, ko da maƙwabtansa ba sa faɗa. Takardar jarrabawar da za a ba shi daga jami'o'i irin na Siyena ko Perujiya take fitowa, kuma in ya ga *degli* a ciki dole ya gane shi.

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
Ya koya, ban hana ba. Ya san *del* gaban *pane*, *dello* gaban *zucchero*, *degli* gaban *amici*. Abin da ba na so shi ne ya riƙa cusa shi a kowace jimla don tsoron kada a ce ya yi maganar kudu, har ya rubuta *non bevo del vino* inda *non bevo vino* ake so.

Ɗan Zango, Vittoria:
Tambaya ta ƙarshe daga wajena. Mai kifi in kaya ya ƙare yana cewa *pisci nun ci nn'è*, babu kifi. Wannan *nn* ɗin mene ne?

Hauwa, ɗalibar ilimin harshe, Venis:
*Ne* ne na Italiyanci, *en* na Faransanci, duka daga *inde* na Latin, "daga can". Shi ke tsayawa a madadin nakirar da aka riga aka ambata: *nni vogghiu dui*, ina son biyu daga ciki, *ne voglio due*. Sisiliyanci bai karɓi *del* ba amma wannan yana da shi tun asali, kuma a Italiyanci ba a yar da shi. In mai kifi ya tambaye ka nawa kake so, *voglio due* bai cika ba, sai ka ce *ne voglio due*.